Wa Ya Ƙera Motar Kara? Tsokaci Daga Bakin Iyakar Jibiya

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya da rikicin kishiyoyi a gefe, na zo muku da magana a kan motocin wasan yara. Na san tun kafin in yi nisa wasu za su taɓe baki su ce marubuci ya rasa abin rubutawa. Ku yi mini haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, in ya so kowa ya yanke hukuncinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan mutane, masu furfura da jikoki, waɗanda abin da suke yi a lokacin hutunsu shi ne tara tsofaffin motocin roba na wasan yara. Suna bin kasuwannin gwanjo suna nema, su wanke, su jera a kabad mai gilashi, sannan su rubuta sunan kamfanin da ya yi kowace mota, da garin da yake, da shekarar da aka yi ta. Bahaushe in ya ji haka, abin da zai fara cewa shi ne ƙoshi ya yi musu yawa. Ni kuwa ra'ayina shi ne a wannan fanni sun fi mu gaskiya, kuma mu da muke yi musu dariya mun fi su buƙatar yin hakan, musamman a gari irin Jibiya, inda motocin ƙasa biyu suka shafe shekaru suna wucewa a kan idon yara.

Bari mu fara da abin da su Turawan suke tarawa. A wani ƙaramin gari mai suna Auburn a jihar Indiyana ta Amurka an yi wani kamfani da ya fara da kayan taya, daga baya a shekarar 1935 ya shiga yin kayan wasan yara da roba. Ya fara da 'yan sojoji, sannan ya shiga yin motoci da taraktoci da jiragen sama, yana kwaikwayon ainihin motocin da ke yawo a titi a lokacin. Daga baya aka kwashe sashen kayan wasan zuwa garin Deming a jihar New Mexico, a can ya rufe a 1969. Akwai kuma kamfanin Sun Rubber na garin Barberton a jihar Ohayo, wanda aka kafa a 1923, ya rufe a 1974. Kamfanonin nan biyu duk sun mutu, amma tarihinsu bai mutu ba, saboda a ƙarƙashin motocin sun buga sunansu, kuma an samu waɗanda suka ɗauki wahalar ajiyewa.

Abin da ya sa motocin da aka yi kafin Yaƙin Duniya na Biyu suka yi wuyar samu shi ma darasi ne. A 1942 Japan ta kame yankin Malaya da maƙwabtansa, inda mafi yawan robar duniya ke fitowa. Amurka ta shiga ƙarancin roba, aka tsayar da yin kayan wasa da ita, a watan Yunin shekarar kuma aka yi gangamin tara tsohuwar roba domin aikin yaƙi. Yara suka riƙa kai kayan wasansu tare da tsofaffin tayoyi da takalma. To ka ga wanda ya riƙe mota guda ta wancan zamani a hannunsa, ya riƙe wani yanki na labarin yaƙin ke nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne wani mutumin ƙasar Norwe mai suna Asmund Laerdal. A 1940 ya kafa ɗan kamfaninsa a garin Stavanger yana buga littattafan yara da yin kayan wasa na katako, daga baya ya ƙware a sarrafa roba mai laushi, ya riƙa yin 'yar tsana da ƙananan motoci masu suna Tomte, waɗanda suka bazu a ƙasashe masu yawa. Da wannan ƙwarewar ta yin kayan wasa ne a 1960 ya fito da mutum-mutumin robar nan da ake koya wa ma'aikatan lafiya yadda ake hura wa wanda numfashinsa ya tsaya iska, wanda ake kira Resusci Anne. Mai motar wasa ne ya zama sanadin ceton rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu. Raina kama ka ga gayya.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Jibiya, ya san Magama inda shingen iyaka yake, ya san Ɗan Isa a tsallake. Mutanen nan dangin juna ne tun kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakaninsu a farkon ƙarni na 20, domin ita kanta Maraɗi sarakunan Katsina na dauri ne suka zauna a cikinta bayan jihadi. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, ba ka iya rabe ɗan Nijeriya da ɗan Nijar sai in ya fito da kuɗi, wannan naira, wancan sefa. A wannan hanya tireloli da gingimari da a-kori-kura suke tsayawa a jere suna jiran takarda, wani lokaci su kwana su wuni. Direba yana barci a ƙarƙashin mota, yaron mota yana dafa shayi, yaran gari kuwa suna zagaye suna ƙare wa motar kallo, daga fitila har lambar baya.

Wannan kallon ba a banza yake tafiya ba. Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun san abin da ke biyo baya. Da an yi girbi kara ya bushe, sai ka ga yara a gindin bishiya da reza da tsinke. A feƙe ɓawon kara a yi ƙusa da shi, a yanka farin cikinsa a yi gangar jiki, a soka wannan cikin wancan har mota ta tashi da ƙofofinta da kujerunta. Wanda ya fi haka gwaninta ya koma gwangwanin madara ko na sadin, ya buɗe shi ya daddale da dutse, ya lanƙwasa. Wani kwalin sukari St Louis ne jarinsa. Wani waya yake nema ya yi motar da ke da dogon sitiyari, yana tafe a tsaye yana murzawa, tayoyin gaba suna juyawa kamar na gaske. Wani kuma langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita yake tsinta. Taya kuwa, ga murfin kwalba, ga kuma wadda ta fi kowace daraja, wato tsohon silifas da ake yanka shi a kewaye. Da robar tsohon tiyub na keke ake ɗaure komai, da ita ake yin sifirin ɗin da zai sa mota ta yi lilo in ta hau gargada. Ashe ke nan mu ma muna da motar roba, sai dai tamu robar ta riga ta yi wa wani aiki a ƙafa kafin ta zama taya.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka yaran nan kara-zube suke ƙira. Yaro zai ce maka wannan Fijo ce, waccan Marsandi ce mai bodin katako, waccan kuma Landuroba ce ta 'yan kwastan, kuma in ka duba da kyau za ka ga gaskiyarsa. Tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, ita ce ta zama sarauniyar hanyoyinmu, ita ke jigilar fasinja tsakanin Katsina da Maraɗi, don haka ita ta cika hannun yara. Da zamaninta ya wuce, wasu motocin suka maye gurbinta a titi, suka kuma maye gurbinta a gindin bishiya. Yaro abin da ya gani yake ƙerawa. Da za a ce wani ya ajiye mota guda daga kowace shekara, tun daga 1975 zuwa yau, da mun samu tarihin wannan hanya a jere, wanda ko wanda bai yi boko ba zai karanta shi da idonsa.

Ku tuna abin da iyakar nan ta gani. An rufe ta a 1984 ba a buɗe ba sai 1986, a daidai lokacin da fari ya addabi mutanen Nijar. An sake rufe ta a watan Agustan 2019, ita ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka kuma garƙame ta, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Duk lokacin da aka rufe, manyan motoci kan ɗauke ƙafa, babura da ƙananan motoci su koma bin hanyoyin daji. Ga kuma bala'in 'yan bindiga da ya tashi ƙauyuka da dama a yankin, ya sa motar jami'an tsaro ta zama abin da yaro ke gani safe da yamma. Jaridu sun rubuta abin da gwamnatoci suka ce a kan duk waɗannan. Abin da ya shiga idon yaro ɗan shekara 10 kuwa, a hannunsa yake fitowa, a jikin kara da gwangwani, mu kuma sai mu sa tsintsiya mu share.

To wa ya ƙera motar kara? A kowace unguwa akwai yaro guda da ya fi kowa, wanda ake kai wa ƙuli-ƙuli ko 'yan kwabbai don ya yi maka irin tasa. Kowannenmu yana iya tuna fuskar na unguwarsu. Wasunsu sun zama makanikai, wasu masu walda, wasu kafintocin bodin mota, wasu direbobi, wasu kuma Allah Ya yi musu rasuwa. Bature ya san sunan kamfanin da ya yi masa motar wasa shekara 90 da suka wuce, ya san garin, ya san ranar da aka rufe ƙofarsa. Mu kuwa maƙerin namu yana nan da rai a bakin tasha yana gyaran kafireto, ba wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi wa ya koya masa, ko yaya ake yin sitiyarin waya. 'Yan'uwa mata ma kada ku ce ba ruwanku, domin 'yar tsanar ƙashi da kuka yi wa kitso da zare, da 'yan tukwanen laka da kuka yi girkin wasa da su, duk hanya ɗaya suka bi suka ɓace.

Su ma motocin roba na kanti suna da nasu labarin. Akwai waɗanda iyaye ke sayowa da Sallah daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, waɗanda a da za ka ga an rubuta Hong Kong a ƙarƙashinsu, daga baya na Sin suka mamaye ko'ina. Akwai kuma na gwanjo. Shekaru da dama kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano suna hawowa Maraɗi, daga nan su gangaro Nijeriya, kuma a cikin gwanjon Turai har da buhunan kayan wasan da yaran can suka gaji da su. Ba abin mamaki ba ne a ce irin motar da wani dattijo ke nema ido rufe a Landan tana nan a kan tabarmar mai gwanjo, ana sayar da ita kuɗin ƙosai. Ƙarshenta a wurinmu sananne ne. In taya ta cire a jefar, 'yan gwangwan su tsince ta, a auna a kilo, a kai Kano a niƙa, ta dawo mana a matsayin buta ko bokiti. Ban ce sana'ar 'yan gwangwan laifi ba ce, abincinsu suke nema kuma suna rage mana shara. Amma kafin a ɗora a sikeli, ya kamata a samu mai juya motar ya duba abin da aka rubuta a cikinta.

Abin da ya sa maganar nan ta dame ni shi ne mu marubuta mun ɗanɗani irin wannan rashi. Littattafanmu da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, haka aka raina su kamar yadda ake raina motar kara. Aka ce shirme ne, aka ce na 'yan mata ne, a 2007 ma har tara wasu aka yi a Kano aka cinna musu wuta. Mu kanmu da muke rubutawa ba mu ajiye ba. Marubuta nawa ne yau in ka ce su kawo maka bugun farko na littafinsu na farko za su iya? Masu haya sun ba da haya har ya yage, masu ƙosai da tsire sun naɗe kaya da sauran. Sai ga shi a 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da littafi guda da ya jera sunayen littattafanmu na tsakanin 1987 da 2002, kuma a Jamus aka buga shi, littattafan kuma suna ajiye a makarantar SOAS ta Landan. Ba don irinsu ba, da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu da suka tsaya wa wannan adabi a nan gida, da yawancin aikinmu ya bi ruwa. Wanda aka yi wa haka bai kamata ya tsaya yana kallo ana yi wa wani ba.

Na san akwai masu ja, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Na farko zai ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, waɗanda buhun gero ya gagare su, su za ka ce su tara kayan wasa? Amsata ita ce wannan halin shi ne ma dalilin gaggawar. Wanda aka tasa daga ƙauyensu da tsakar dare, tabarma da tukunya zai ɗauka, duk wani abin tunawa a can zai bar shi. Kuma ba mai gudun hijira nake ɗora wa nauyin ba. Ina magana ne da malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da ma'aikaci, da ɗalibin jami'a, da marubuci irina, waɗanda Allah Ya rufa wa asiri. Garin da ba a jin sunansa a rediyo sai in an ce fasa-ƙwauri ko an ce hari, yana da haƙƙin a san shi da wani abu daban, a san cewa yaransa masu basira ne.

Na biyu zai ce almubazzaranci ne. Da ina cewa a bi sahun masu zuba maƙudan kuɗi a kan mota guda don alfahari, da ya yi gaskiya. Abin da nake kira a kai bai fi ƙarfin kuɗin katin waya ba. Kwali guda, littafin rubutu guda, da biro.

Na uku zai kawo maganar addini, ya ce ajiye siffofi fa? Hukunci na malamai ne, ni ɗalibi ne. Amma mota ba ta da rai, kuma ya zo a hadisi cewa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da kayan wasa, har da doki mai fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gani ya yi dariya. Addinin da ya koya mana kiyaye isnadi, wane ya ji daga wane, ba shi zai hana mu rubuta sunan wanda ya ƙera abu ba.

To me za a yi? Abu ne mai sauƙi. Duk wanda ya samu tsohuwar motar roba, ya juya cikinta ya kwafe abin da aka rubuta, ya ƙara da inda ya same ta da shekarar. Kada a bar ta a rana, domin zafi na busar da roba ta tsattsage, mai laushin kuma ta riƙa danƙo. A naɗe ta da takarda, kada a ƙulle ta a leda, a sa ta a inuwa. Motar kara ba ta jure gara da damina, don haka a ɗauke ta hoto ta gaba da ta gefe da ta ƙasa, tare da wanda ya yi ta in iyayensa sun yarda, a rubuta sunansa da unguwarsu da irin motar da ya kwaikwaya. A nemi dattawan da suka yi fice a wannan ƙira suna yara, a roƙe su su sake yin guda, a naɗi bayaninsu da waya. Wayar da muke kashe dare muna hira da ita ta isa wannan aiki.

Makarantun firamare na Jibiya da na Ɗan Isa suna iya shirya gasar ƙira sau ɗaya a shekara bayan girbi, a ajiye waɗanda suka yi nasara da sunayen masu su. Gidajen tarihi irin na Katsina, da Gidan Makama na Kano, da na Boubou Hama a Yamai, su ware ko da kabad guda ne domin wannan. A ƙasar Malawi irin wannan motar waya sunanta galimoto, kuma wata marubuciya Ba'amurkiya, Karen Lynn Williams, ta yi littafin yara sukutum a kanta a 1990. Mu marubutan Hausa da muka cika littattafanmu da jarumai masu Marsandi da gidan bene, me zai hana ɗayanmu ya ba yaro mai motar kara babi guda?

An aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, kuma ta Jibiya aka tsara zai bi. Ranar da jirgi ya fara wucewa, ina da yaƙinin ba za a yi wata guda ba sai wani yaro ya jera gwangwanaye ya ɗaure su da waya ya ja. Fatana shi ne a samu babba guda a kusa da zai tambaye shi sunansa ya rubuta, ya kuma sayi jirgin ya adana, kafin a share tsakar gida.

Allah Ya zaunar da iyakokinmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya raya mana zuriya. Wanda ke da wata fahimta daban, ƙofa a buɗe take.